Selman Waksman: Malamin da ya tono maganin tarin fuka daga ƙasa, ya danne sunan ɗalibinsa

A watan Maris na 1950, wani matashi ɗan shekara 30 mai suna Albert Schatz ya shigar da ƙara a wata kotu ta jihar New Jersey da ke Amurka. Wanda yake ƙara shi ne malamin da ya duba masa aikin digirin digirgir, Farfesa Selman Waksman na Jami'ar Rutgers, wanda watanni huɗu kafin nan mujallar Time ta ƙawata bangonta da hotonsa. A lokacin duniya ta san Waksman a matsayin mutumin da ya gano sitireftomaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Schatz ya shaida wa kotu cewa da hannunsa aka gano maganin, kuma an sa shi ya sallama haƙƙinsa bisa fahimtar cewa babu wanda zai ci ko sisi, alhali malaminsa yana karɓar kaso a ɓoye.

Shari'ar ba ta kai ga hukunci ba, an yi sulhu kafin shekarar ta ƙare. Amma takardun da ta fito da su sun zama wani ɓangare na tarihin Waksman da ba a iya cirewa. Mutum ne da ya shigo Amurka ba shi da komai, ya shafe rayuwarsa yana nazarin ƙasar noma, ya kafa hanyar bincike wadda ta samar da magunguna da dama da ake ba masu ciwon huhu har yau. Shi ne kuma ya ƙi yarda a raba wannan daraja da yaron da ya yi aikin.

Daga Nova Priluka zuwa gonar New Jersey

An haifi Selman Abraham Waksman ranar 22 ga Yuli, 1888, a Nova Priluka, wani ƙaramin gari kusa da Binitsiya a ƙasar Yukren ta yau, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa Jacob mai karatun addini ne, mahaifiyarsa Fradia kuwa 'yar kasuwa ce, kuma ita ce ta tsaya tsayin daka a kan iliminsa. Yankin ya shahara da baƙar ƙasa mai albarkar alkama, sai dai dokokin daular sun ƙuntata wa Yahudawa wajen mallakar gona, wurin zama da shiga makaranta.

Yana yaro ƙanwarsa Miriam ta kamu da mashaƙo. Akwai allurar cutar a birnin Kiyeb, amma ba ta iso garin ba sai da yarinyar ta cika. Waksman ya riƙa komawa ga wannan rashi idan yana ba da labarin abin da ya fara sa masa sha'awar aikin likita.

A 1910 ya ci jarrabawar kammala sakandare a Odesa a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Jami'o'in Rasha sun ƙayyade adadin Yahudawan da za su ɗauka, mahaifiyarsa kuma ta rasu, saboda haka babu abin da ya rage da zai riƙe shi. A ƙarshen shekarar ya sauka a Filadalfiya, ya wuce wurin danginsa da ke da 'yar gona a Metuchen ta jihar New Jersey. A can ya koyi kiwon kaji da sarrafa taki.

Kwalejin Rutgers ba ta da nisa da gonar. Ya je ya gana da Jacob Lipman, masanin ƙwayoyin halittar ƙasa, wanda shi ma daga daular Rasha ya yi hijira. Lipman ya ba shi shawarar ya bar batun likitanci ya karanci aikin gona. Waksman ya samu tallafin karatu ya shiga a 1911, ya kammala digirin farko a 1915, na biyu a 1916. A wannan shekarar ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya kuma auri Deborah Mitnik, 'yar garinsu. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1918, ya koma Rutgers, inda ya zauna har ya yi ritaya.

Shekara ashirin yana tonon ƙasa

Cokali guda na ƙasa mai taki yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya gani. Tun yana ɗalibi, Waksman ya maƙale wa wani rukuni daga cikinsu da masana ba su damu da shi ba, wato aktinomaisit. Bakteriya ne, amma suna tsiro da zare-zare kamar fumfuna. Su ne ke fitar da sinadarin da ke ba ƙasa ƙamshin nan da ake ji idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar gona. A wajajen 1915 shi da abokin aikinsa Roland Curtis suka bayyana wani nau'i mai launin toka, wanda daga baya aka san shi da sunan Streptomyces griseus. Babu wanda ya kawo a ransa a lokacin cewa wannan nau'in zai shiga tarihin likitanci.

Shekaru ashirin da suka biyo baya ya yi su a kan tambayoyin manoma: yadda ganye ke ruɓewa ya zama taki, yadda ƙasa ke samun ƙarfi, yadda take gajiya. A 1927 ya wallafa wani katafaren littafi kan ƙwayoyin halittar ƙasa wanda ya zama abin dogaro a fannin, a 1930 kuma ya zama cikakken farfesa. Ya sha lura cewa idan aka shuka waɗannan halittu a faranti ɗaya, wasu kan hana wasu tsiro a kusa da su. A farkon shekarun 1930 ma an ba ɗakin gwajinsa aikin binciken abin da ke faruwa da ƙwayar tarin fuka idan ta faɗa cikin ƙasa, aka ga wasu halittun ƙasar suna danne ta. Waksman bai bi sawun wannan sakamako ba. Yana ganin kansa masanin ƙasa, magani kuwa aikin wasu ne.

Abin da ya juya tunaninsa ya faru a 1939. Tsohon ɗalibinsa, Bafaranshe René Dubos, wanda ke aiki a Cibiyar Rockefeller, ya ciro wani sinadari daga bakteriyar ƙasa wanda ke kashe ƙwayoyin cuta. A shekara mai zuwa masu bincike a Oxford suka nuna cewa fenisilin, wanda Alexander Fleming ya lura da shi tun 1928, yana warkar da dabbobi. Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya ɓarke, ana neman magani ido rufe. Waksman ya juya akalar sashensa gaba ɗaya, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin magunguna na Merck: kamfanin zai ba da kuɗi da masana haɗa sinadarai, shi kuma zai mallaki ikon sarrafa duk abin da aka gano.

Hanyar da ya tsara mai sauƙin bayani ce, mai wahalar aikatawa. A ɗebo ƙasa daga wurare daban-daban, a shuka halittun cikinta a farantan gilashi, a ware kowane nau'i shi kaɗai, a jera ƙwayoyin cuta a gefensa, a duba inda aka samu fili fayau da cutar ta kasa tsiro. Fleming ya ci karo da fenisilin ne bisa katari. Waksman ya mayar da neman irin wannan katari aikin yau da kullum, wanda ɗalibai za su maimaita sau dubbai. Shi ne kuma ya yayata kalmar antibayotik da ma'anar da aka santa da ita yanzu.

Sakamakon farko bai yi daɗi ba. A 1940 shi da ɗalibinsa Boyd Woodruff suka samo aktinomaisin, wanda ya kashe ƙwayoyin cuta ya kuma kashe dabbobin gwaji. Sai bayan shekaru aka gano amfaninsa a kan wasu nau'o'in ciwon daji na yara. A 1942 suka samo sitireftotirisin, wanda ya ba da fata har zuwa lokacin da aka ga yana lalata ƙodar dabbobi kwanaki bayan an yi musu allura.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Kafin 1943, ciwon nimoniya ya fara samun magani, da farko ta hanyar magungunan salfa da suka fito daga Jamus a tsakiyar shekarun 1930, sannan fenisilin. Tarin fuka ya gagari duka biyun. Ƙwayarsa, wadda Robert Koch ya bayyana ranar 24 ga Maris, 1882, tana da fata mai maiƙo kamar kakin zuma, tana kuma hayayyafa a hankali. Abin da likita ke iya yi wa mai cutar shi ne ya kwantar da shi watanni ko shekaru a gidan jinya mai iska, ya ba shi abinci mai kyau, wani lokaci a hura iska a ƙirjinsa don huhun da ya kamu ya lotse ya huta, ko a yanke masa wasu haƙarƙari. Da yawa ba su fita da ƙafafunsu ba.

Albert Schatz, wanda aka haifa a 1920, ɗan talakawa ne da ya tashi a gona a jihar Connecticut. Ya kammala digiri a Rutgers a 1942, aka ɗauke shi soja, ya yi aiki a ɗakin gwajin wani asibitin soja a Miami, inda ya ga samari suna mutuwa da cututtukan da fenisilin ba ya taɓawa. An sallame shi saboda ciwon baya, ya koma wurin Waksman a tsakiyar 1943 a kan alawus na dala 40 a wata.

Aikinsa ya haɗa da gwaji a kan nau'in ƙwayar tarin fuka mai tsananin haɗari, don haka aka ba shi ɗaki a ƙarƙashin ginin, ofishin malaminsa kuwa yana hawa na uku. Schatz ya dage har ƙarshen rayuwarsa cewa Waksman bai taɓa saukowa ɗakin ba saboda tsoron kamuwa. Yana yawan kwana a wurin don kada injin tace ruwan maganin ya tsaya.

Cikin watanni kaɗan ya ware nau'i biyu na Streptomyces griseus masu ƙarfi. Ɗaya ya fito daga ƙasar wata gona da aka zuba wa taki sosai, ɗayan kuma daga farantin da wata ɗaliba, Doris Jones, ta shafa wa abin da ta lakato daga maƙogwaron kaza. Ranar 19 ga Oktoba, 1943, ya tabbatar cewa sinadarin da suke fitarwa sabo ne. Aka sa masa suna sitireftomaisin. Maƙalar farko ta fito a Janairun 1944 da sunaye uku: Schatz a gaba, sai Elizabeth Bugie wadda ta yi gwaje-gwaje a kan maganin, sannan Waksman. Maƙala ta biyu, wadda ta nuna yana danne ƙwayar tarin fuka a cikin kwalba, ta fito a shekarar da sunan Schatz a gaban na malaminsa.

Daga kwalba zuwa gadon asibiti

A nan rawar Waksman ta fito fili. Rutgers ba ta da asibiti, ba ta da masana'anta. Shi ke da suna da alaƙar da za su kai maganin inda za a gwada shi. Masu bincike biyu daga asibitin Mayo a jihar Minnesota, likitan dabbobi William Feldman da likitan huhu Corwin Hinshaw, sun karɓi giram 10 a watan Afrilun 1944, suka gwada a kan ɓerayen Masar huɗu da aka sa wa cutar. Da suka ga alamun nasara sai suka faɗaɗa gwajin da maganin da Merck ya fara sarrafawa.

A Nuwamban 1944 aka fara yi wa wata budurwa 'yar shekara 21 allurar, bayan tarin fuka ya ci huhunta har an fid da rai. An yi mata zagaye da dama cikin watanni biyar. Ta warke, ta bar gidan jinya, ta yi aure ta haihu. Ba da daɗewa ba aka ga yara suna tashi daga sanƙarau na tarin fuka, cutar da kafin nan kusan duk wanda ta kama sai kabari.

Yadda maganin ke aiki shi ne ya shiga cikin ƙwayar cutar ya manne wa ɗan injin da take ƙera sinadaran gina jikinta da shi, sai ta riƙa ƙera gurɓatattu har ta mutu. Hanji ba ya tsotse shi, dole sai ta allura. Yana kuma da illa: yakan taɓa jijiyar kunne, ya jawo jiri ko kurunta, yakan kuma wahalar da ƙoda.

Waksman ya yi wani abu a wannan gaɓa da ko masu sukarsa ba sa musantawa. Bisa yarjejeniyar 1939, Merck kaɗai ke da ikon sarrafa maganin. Ganin yawan masu buƙata, ya roƙi kamfanin ya saki wannan iko, shugabansa George Merck ya amince. Mallakar ta koma hannun wata gidauniya ta Jami'ar Rutgers, wadda ta ba kamfanoni da dama lasisi. Yawan maganin ya ƙaru, farashinsa ya faɗi warwas cikin 'yan shekaru, ya isa ƙasashen da ba za su iya sayensa daga kamfani ɗaya tilo ba.

Darasin da ya fito daga Birtaniya

Birtaniya, wadda yaƙi ya bar ta cikin ƙarancin dala, ta iya sayen kilo 50 ne kacal. Tun da maganin ba zai ishi kowa ba, Majalisar Binciken Lafiya ta ƙasar ta yi amfani da ƙarancin wajen shirya gwaji. Masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya tsara a raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓin likita ba. Mutum 55 suka samu allura da hutu, 52 suka samu hutu kaɗai. Cikin wata shida, huɗu suka mutu a rukunin farko, 14 a na biyu. An wallafa sakamakon a Oktoban 1948, kuma ana lissafa shi cikin gwaje-gwajen da suka kafa tsarin da ake bi wajen tantance magani a yau.

Rahoton ya zo da gargaɗi. A jikin mafi yawan waɗanda aka duba, ƙwayar cutar ta daina jin maganin cikin 'yan watanni. Da aka bibiyi marasa lafiyar bayan shekaru, tazarar da ke tsakanin rukunonin biyu ta ragu ƙwarai. Dalili shi ne a cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke huhu ɗaya, akwai 'yan kaɗan da maganin ba ya yi musu komai. Idan ya share sauran, sai fili ya zama nasu.

Illar maganin ma ta bayyana a kan wani sanannen majinyaci. George Orwell, marubucin littafin da aka fassara zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi, ya samu sitireftomaisin a wani asibiti a Sikotland a 1948. Jikinsa ya ƙi shi, fatarsa ta yi ƙuraje, gashinsa da farcensa suka zube, aka dakatar da allurar. Tarin fuka ya kashe shi a Janairun 1950.

Mafita ta zo daga haɗa magunguna. Wani likita a Suwidin, Jörgen Lehmann, ya samar da maganin da ake kira PAS a daidai lokacin da ake gwada sitireftomaisin. Aka gano cewa idan an ba da su tare, da wuya ƙwayar ta bijire wa biyun a lokaci ɗaya. Aisoniyazid ya shigo a 1952, kuma da magunguna uku a haɗe, likitoci irin su John Crofton a Edinbara suka nuna cewa ana iya warkar da kusan kowane sabon mai tarin fuka, muddin ya sha maganin har ƙarshe.

Abin da takardu suka nuna

Takardar neman mallakar fasahar, wadda aka shigar a 1945, tana ɗauke da sunaye biyu, Waksman da Schatz, kuma dukansu sun yi rantsuwa cewa tare suka gano maganin. Sunan Elizabeth Bugie bai shiga ba. A watan Mayun 1946 suka sa hannu suka miƙa haƙƙinsu ga gidauniyar Rutgers. Hukuma ta ba da takardar mallakar a Satumban 1948.

Schatz ya bar Rutgers a 1946. Daga nesa ya riƙa ganin jaridu suna ba da labarin maganin da sunan malaminsa kaɗai. Ya kuma fara zargin cewa akwai kuɗin da ba a gaya masa ba. Da lauyoyinsa suka tilasta a buɗe littattafan gidauniyar, sai ta bayyana cewa akwai wata yarjejeniya ta daban wadda ta ba Waksman kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin lasisi, kuma ya riga ya karɓi wajen dala 350,000. Jama'a kuwa sun ɗauka farfesan ya sadaukar da komai ga jami'a. Ga ɗalibin da ya kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kan dala 40, lamarin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjar Waksman tana da nauyinta. Shi ya yi shekaru kusan talatin yana nazarin aktinomaisit, shi ya tsara hanyar binciken, shi ya samo kuɗi, shi ya kai maganin Merck da Mayo. A ganinsa ɗalibi hannu ne da ke aiwatar da tsarin malami, kuma duk wanda aka ɗora a kan wannan teburi zai iya cin karo da abin da Schatz ya samu. Raunin hujjar shi ne ta saɓa wa rantsuwar da ya yi da kansa a takardar mallaka, ta kuma saɓa wa jerin sunayen da ya amince da shi a maƙalun 1944. Ba ta kuma bayyana dalilin ɓoye kason ba.

A ƙarshen Disamban 1950 aka yi sulhu. An amince a rubuce cewa Schatz abokin gano maganin ne a shari'ance da kuma a kimiyyance. Ya samu kimanin dala 120,000 da kashi 3 cikin ɗari na kuɗin lasisi. Kason Waksman ya sauko zuwa kashi 10, aka raba kashi 7 tsakanin sauran ma'aikatan sashen, ciki har da Bugie.

Schatz ya samu abin da ya nema a kotu, ya rasa wurin zama a fanninsa. Manyan masana sun ɗauki kai malami ƙara a matsayin rashin ladabi da cin amanar gida, kuma manyan cibiyoyin bincike na Amurka ba su ɗauke shi aiki ba. Ya koyar a wata ƙaramar kwalejin aikin gona a Pennsylvania, ya tafi Jami'ar Chile a farkon shekarun 1960, ya ƙare aikinsa yana koyar da ilimin koyarwa a Jami'ar Temple.

Nobel da shekarun ƙarshe

A Oktoban 1952 aka sanar cewa Waksman shi kaɗai ya ci kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano sitireftomaisin. Ƙa'idar kyautar ta yarda a raba ta tsakanin mutum uku, kuma haka aka yi wa fenisilin a 1945, inda Fleming, Howard Florey da Ernst Chain suka karɓa tare. Kwalejin da Schatz ke aiki ta rubuta wa kwamitin tana tunatar da shi takardar mallaka da sulhun kotu. Kwamitin bai sauya hukuncinsa ba. Lehmann, Feldman da Hinshaw ma babu wanda aka haɗa da shi.

Waksman bai kashe dukiyar a kan kansa kaɗai ba. A 1951 ya ware rabin kasonsa ya kafa gidauniyar tallafa wa binciken ƙananan halittu. Kuɗin lasisin da jami'a ta tara ya gina Cibiyar Nazarin Ƙananan Halittu ta Rutgers, wadda aka buɗe a 1954, ya shugabance ta har ya yi ritaya a 1958, kuma yau tana ɗauke da sunansa. Ɗakin gwajinsa ya samar da wasu magungunan, mafi shahara a ciki niyomaisin, wanda ya gano tare da ɗalibinsa Hubert Lechevalier a ƙarshen shekarun 1940. Ɗansa tilo, Byron, ya zama fitaccen masanin garkuwar jiki. Waksman ya rasu ranar 16 ga Agusta, 1973, a jihar Massachusetts, yana da shekara 85, aka binne shi a Woods Hole. Bai janye matsayinsa a kan Schatz ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Gyaran tarihin ya zo a hankali, kuma daga waje. Wani masanin ƙananan halittu a Jami'ar Sheffield ta Ingila, Milton Wainwright, ya binciki takardun Rutgers, ya yi hira da Schatz, ya wallafa abin da ya gano a wajajen 1990. A 1994, shekara hamsin da fitowar maƙalar farko, Rutgers ta ba Schatz lambar yabonta mafi girma. Ya rasu a Janairun 2005. Bayan rasuwarsa, ɗan jarida Peter Pringle, da taimakon ma'aikatan adana takardu na jami'ar, ya samo littattafan da Schatz ke rubuta gwaje-gwajensa a 1943. Suna cikin wani kwali a tarin takardun Waksman. A ciki akwai gwaji na goma sha ɗaya, mai kwanan wata 23 ga Agusta, 1943, da rubutun hannun ɗalibin, inda ya fara ware halittun da suka haifar da maganin. Pringle ya wallafa littafinsa a 2012.

Gadon da ya bari

Hanyar tace ƙasa da Waksman ya kafa ta wuce sitireftomaisin nesa. Kamfanoni sun kwaikwaye ta, suka riƙa tattaro ƙasa daga sassan duniya. Daga aktinomaisit aka samo dangin tetirasaikilin a ƙarshen shekarun 1940. Daga ƙasar da aka ɗebo a Iloilo ta Filifin aka samo eritiromaisin, wanda daga gare shi aka ƙera azitiromaisin da ake rubuta wa masu nimoniya. Daga wani samfurin ƙasa da aka bincika a Milan ta Italiya a 1957 aka samo dangin rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka na yanzu.

Shi kansa sitireftomaisin ya ja baya. Sabon mai tarin fuka a yau yana shan ƙwayoyi a haɗe na tsawon wata shida, babu allura, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar tsohon tsarin da ke ƙara allurar ga waɗanda cutar ta dawo musu. Cutar kuwa tana nan. Alƙaluman hukumar sun nuna mutum miliyan 10.8 sun kamu a 2023, kimanin miliyan 1.25 suka mutu. Najeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu ɗauke da ita, duk da cewa gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Bijirewar da likitocin Birtaniya suka gani a 1948 ita ce ke sake faruwa duk lokacin da majinyaci ya ajiye magani a wata na biyu don ya ji sauƙi, ko magani ya yanke a asibiti, ko aka sayar da antibayotik a kemis ba tare da takardar likita ba.

Jerin waɗanda suka ci kyautar Nobel ta 1952 yana nan yadda aka rubuta shi, da sunan Waksman shi kaɗai. Takardar mallakar fasaha mai lamba 2,449,866 ita ma tana nan a ma'ajiyar gwamnatin Amurka, da sunayen Selman Waksman da Albert Schatz.